Shanya da Sikeli: Yadda Manomin Gahawa Yake Zaɓar Wanda Zai Sayar wa Amfaninsa

Shagon Kawuna yana cikin wani lungu a Makka, ba nisa da Sharar Mansur, inda Hausawa suka daɗe da zama, kuma tun ina yaro nake shiga cikinsa ina fitowa da ƙamshin gahawa da hel, wato ɗan kayan ƙamshin da ake haɗa ta da shi, a jikin rigata. Kakanninmu aikin hajji ya kawo su, suka ratso Sudan suka tsallako teku, sannan suka zauna. Mu kuma da aka haifa a nan mun tashi muna shan gahawa a finjali da dabino kamar kowa, ko da yake kunun tsamiya bai bar gidajenmu ba. Abin da muka fi sayarwa a shagon shi ne 'ya'yan gahawar Harar, wadda ake shigowa da ita daga Habasha, domin ita ce galibin gidajen Makka da Jidda suka saba dafawa. Muna saye daga hannun manyan 'yan kasuwar Jidda a buhuna, mu soya, mu niƙa, mu auna wa mai saye. A duk tsawon shekarun nan ban taɓa tambayar kaina ba ta yaya ƙwayar ta bar hannun wanda ya noma ta, ko me ya sa ya miƙa ta ga wane bai miƙa ta ga wane ba.

A shekarar 2022 ne abubuwa suka fara sauyawa. Hukuma ta sanya wa shekarar suna Shekarar Gahawar Saudiyya, asusun zuba jari na gwamnati ya kafa Kamfanin Gahawa na Saudiyya da niyyar ɗaga abin da ƙasar take nomawa daga kimanin tan 300 zuwa tan 2,500 a shekara, kuma kafin shekarar ta ƙare hukumar UNESCO ta sanya ilimin noman gahawar Khaulani, wadda ake nomawa a duwatsun kudancin Saudiyya irin na yankin Jazan, cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Nan da nan masu sayayya suka fara tsayawa a bakin shago suna tambayar ko muna da Khaulani ta Jazan, kuma wasunsu ba su gamsu da a ce musu "akwai" ba, sai sun ji daga wane dutse ta fito. Da kaka ta zagayo sai Kawu ya kira ni ya ce, "Ɗana, ka shirya ka tafi Dayir ka samo mana daga gona, amma ka tafi da kunnenka fiye da aljihunka." Na amsa da "To, Kawu, Allah Ya ƙara girma," alhali a zuciyata na riga na yanke cewa aljihun ne zai yi aikin.

Daga Makka zuwa Jazan tafiyar kusan kilomita 700 ce, sannan daga birnin sai mutum ya hau duwatsu zuwa Dayir ta Bani Malik, kusa da iyakar Yaman. Gonakin gahawa a can ba shimfiɗaɗɗu ba ne. Matakala ne da aka gina da duwatsu a jikin tsauni, hawa bisa hawa, kowanne yana riƙe da 'yar ƙasa da bishiyoyi kaɗan. Wani abokin karatuna ɗan yankin ya kai ni wurin wani dattijo mai bishiyoyi 'yan ɗaruruwa. Bayan an sha gahawa an gaisa, na tambayi abin da mai sayensa na kullum yake ba shi, na ɗora riyal goma a kan kowane kilo, na ce kuɗin suna hannuna. Dattijon ya yi mini godiya, ya sa aka ƙara mini finjali, ya ce amfanin bana yana da mai shi. Na ƙara biyar, ya yi murmushi ya koma zancen ruwan sama. Na sauko daga dutsen nan ina ganin an raina ni ne don ni baƙo ne, kuma sai da na yi kwana huɗu a garin ina zama da manoma kafin na gane cewa ni ne ban san abin da ake sayarwa ba.

Abin da muke kira gahawa a shago ƙwaya ce kawai. A jikin bishiya ɗan itace ne ƙarami, kore yayin da yake ɗanye, ja idan ya nuna, yana da fata da ɗan nama mai zaƙi da yauƙi, kuma a cikinsa ne ƙwayoyi biyu suke kwance suna fuskantar juna. Daga lokacin da aka tsinke shi agogo ya fara aiki, domin idan aka bar shi a buhu ya kwana zafi yana tashi a cikinsa, ya fara tsami, wannan tsamin kuwa ba ya fita ko da wane gwani ne ya soya ƙwayar. Saboda haka dole a ranar a yi ɗaya daga cikin abu biyu: ko dai a baza shi a shanya da ɓawonsa har ya bushe, abin da yake ɗaukar mako biyu zuwa huɗu gwargwadon rana, ko kuwa a kai shi injin da zai sulluɓe fatar, a jiƙa ƙwayar ta saki yauƙinta, a wanke, sannan a shanya. Kuma nauyin yana zubewa sosai a hanya: sai an tsinki kilo biyar zuwa shida na jajayen 'ya'ya kafin a sami kilo ɗaya na ƙwayar da ake zubawa a kaskon suya. Duk wanda ya ambaci farashin "kilo" bai faɗi kilon me ba, bai faɗi kome ba tukuna, kuma ni haka na yi a gaban dattijon.

A duwatsun Jazan hanyar shanya ce aka gada, domin ruwa yana da tsada a can, ba a samun na wanki a yalwace. A da a kan rufin ɗaki ake bazawa, yanzu kuma da yawa sun kafa gadajen raga waɗanda iska take ratsawa ta ƙarƙashi, ana juyawa da rana, ana rufewa da dare saboda raɓa. Wannan shanyar ita ce na fahimci tana raba manomi mai zaɓi da marar zaɓi. Wanda ba shi da wurin shanya ko hannun da zai riƙa juyawa, tilas ya sayar da jajayen 'ya'ya ga wanda motarsa ta iso kafin faɗuwar rana, kamar yadda 'yan'uwanmu na Kano suke ba mu labarin manomin tumatir a Kwanar Gafan, wanda ba ya iya cewa dillali ya dawo jibi. Wanda kuwa ya busar da nasa, ya ɗinke a buhu ya jingine a ɗaki marar laima, yana iya jira watanni, ya ji farashin wannan ya ji na wancan. Sai kuma na ukunsu, wanda yake kai busasshen wurin mai injin casa ya biya ladan aiki, ya dawo da ƙwayarsa ya sayar da kansa a bikin gahawa da ake yi a Dayir kowace shekara, ko ta waya ga masu suya na Riyad da Jidda. Dattijon da ya ƙi kuɗina yana cikin rukuni na biyu, wato ba matsi ne ya sa ya ƙi ni ba.

Dalilinsa na farko, kamar yadda ɗansa ya warware mini daga baya, shi ne cewa mai sayen nasu yana ɗauke amfanin gaba ɗaya. Bishiyar gahawa ba ta nuna rana ɗaya. Ana zagaya ta sau da yawa daga wajen watan Oktoba har zuwa Janairu, kuma tsinkar farko da ta tsakiya da ta ƙarshe ba ɗaya suke ba wajen girma da kyau. Ɗan kasuwa irina yana zuwa ne ya zaɓi manyan ƙwayoyi na tsakiyar kaka ya biya da tsada ya tafi, ya bar manomi da ƙanana da fasassu, waɗanda idan aka raba su da manyan ba wanda zai taya su da daraja. Riyal goma sha biyar ɗin da na ɗora a kan kashi mafi kyau ba za su cike giɓin abin da zai rasa a kan ragowar ba, kuma dattijon ya yi wannan lissafin a kansa kafin in gama magana.

Na biyu shi ne sikeli. Na lura manoma ba sa yawan zancen wanda ya fi biya, sun fi zancen wanda awonsa yake da tsabta. Akwai mai saye da zai faɗi farashi mai daɗin ji, sannan ya ce buhun da nauyi sai a cire kaza, akwai tsakuwa sai a cire kaza, bai gama bushewa ba sai a cire kaza, har abin da ya ƙara a baki ya koma aljihunsa ta kan sikeli. Maganar bushewa ita ce ƙofar da aka fi shigowa ta ciki, domin ƙa'idar ciniki ita ce laimar ƙwaya ta sauka zuwa kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari, kuma idan na'urar gwaji tana hannun mai saye kaɗai, to abin da ya ce shi ne. Tsofaffi da haƙori suke gwadawa, su girgiza busasshen ɗan su ji ko ƙwayar tana kaɗawa a ciki, kuma ba kasafai suke kuskure ba. Amma haƙori ba ya zama hujja a gaban mai na'ura. Mutumin da dattijon yake sayar wa yana aunawa ne a tsakar gidan, a gaban 'ya'yansa, kuma shekara da shekaru ba a taɓa samun saɓani tsakanin awonsa da nasu ba.

Akwai kuma dalilin da ba a faɗa mini kai tsaye ba, sai a zance na tsince shi. A wata shekara da ruwan sama ya yi jinkiri, tankunan da ake tara ruwa a gefen gona suka ƙafe, mai sayen nan ne ya biya kuɗin motocin ruwa da suka hau dutsen, bai rubuta takarda ba, bai kuma sa ranar biya ba. Bishiyar gahawa tana ɗaukar kimanin shekara uku kafin ta fara ba da 'ya'ya, don haka wanda ya cece ta daga bushewa ya ceci amfanin shekaru ne, ba na kaka ɗaya ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba na so in ƙawata wannan fiye da kima, domin irin wannan alheri igiya ce, kuma na ji labarin waɗanda aka ɗaure da ita suna sayarwa da araha shekara bayan shekara saboda kunya. Sai dai ko igiya ce ko zumunci ne, baƙon da ya zo da kuɗi a aljihu rana ɗaya ba ya tsinka ta da riyal goma.

Har ɓawon ma yana cikin lissafi, abin da ban taɓa kawowa a raina ba. Mutanen Jazan da na Yaman suna dafa busasshen ɓawon gahawa da citta su sha, suna kiransa ƙishir, kuma yana da kasuwarsa. Wanda ya sayar da busasshen ɗa ɗungurungum ya sayar har da ɓawon, wanda kuwa ya kai casa dole ya tambaya ko za a dawo masa da ɓawonsa ko mai injin zai riƙe a bakin lada. Manoma suna kuma lura da mai injin da yake share injinsa tsakanin kayan wani da na wani, da wanda yake zuba na kowa a jere har ƙwayar maƙwabci ta gauraya da taka. A da wannan bai dami kowa ba. Yanzu da masu suya suke buga sunan gona a jikin leda, kuma masu ɗanɗano suke ba da maki, inda sai gahawa ta kai 80 cikin 100 ake lissafa ta cikin ta musamman, garwaya ɗaya tana iya zubar da sunan da mutum ya yi shekaru yana ginawa.

Sabbin masu saye, wato kamfanoni da matasan masu suya daga birane, sun zo da kuɗi mai kauri amma da sharuɗɗa masu tsauri: ja zalla ba kore ko ɗaya, a zuba a ruwa a kwashe duk wanda ya taso sama, a shanya a gado ba a ƙasa ba. Ina ganin sharuɗɗan daidai ne, kuma gahawar da take fitowa ta wannan hanya ta fi daɗi ba tare da gardama ba. Amma tsinkar ja zalla tana nufin a zagaya bishiya ɗaya sau da yawa a jikin tsauni, kuma kowane zagaye ladan ma'aikaci ne. Manomi mai 'ya'ya a gida ko mai ƙarfin ɗaukar ma'aikata yana karɓar tayin ya ci riba. Tsohon da 'ya'yansa suka tafi aiki birni yakan ga cewa tsohon mai sayensa, wanda ba ya tsananta bincike, ya fi masa sauƙi ko da kuɗinsa bai kai ba.

Da na dawo Makka na zauna ina ba da labari a shago, sai ma'aikacinmu mai kula da suya, mutumin yankin Jimma a Habasha wanda ya tashi a gonar gahawa, ya yi dariya ya ce ai na ga masu hutu. A wurinsu, in ji shi, inda akwai tashoshin wanke gahawa, zaɓin yana faruwa ne da yamma, da buhu a ka ko a bayan jaki. Manomi ya wuni yana tsinka, rana ta karkata, kuma tashar da zai iya kaiwa kafin duhu ita ce kasuwarsa, sai fa in wata tashar ta turo mai sikeli bakin hanya. Idan akwai tasha biyu ko uku a kusa, farashi yakan motsa a cikin yini ɗaya, labari yana yawo ta waya cewa wane ya ƙara, sai jakuna su karkata can. Idan tasha ɗaya ce tak, babu zancen zaɓi.

Inda ya fi tsawaita bayani shi ne bambancin ɗan kasuwa mai tasha, wanda suke kira akrabi, da ƙungiyar gama-kai ta manoma. Ɗan kasuwa yana biya nan take, kuma da an miƙa kuɗi magana ta ƙare. Ƙungiya kuwa takan biya kashi na farko, sannan idan an sayar da gahawar a waje an sami riba, a raba wa mambobi ciko bayan watanni. Sai dai wani lokaci kuɗin sayen ƙungiyar yakan ƙare a tsakiyar kaka saboda rancen banki bai iso da wuri ba, a rubuta wa manomi takarda a ce ya jira. Mahaifinsa, in ji shi, bai taɓa zuba amfaninsa wuri ɗaya ba. Kashi ɗaya yana kai wa ƙungiya don kada sunansa ya fita daga littafi kuma don cikon da yake zuwa lokacin da aljihu ya bushe, kashi ɗaya ga ɗan kasuwa don kuɗin makaranta da ladan masu tsinka, kashi na uku kuma ya busar a gida ya ajiye. Wannan busasshen, da suke kira jenfel, shi ne asusunsa: ranar da rashin lafiya ta zo ko biki ya taso sai a ɗauki buhu ɗaya a kai kasuwa. Na ji wannan sai na tuna rumbun gero da Kawu yake ba mu labari, wanda ba a buɗe shi sai damina ta yi nisa.

Hukumomi ma suna da hannu a cikin wannan zaɓi, wani lokaci su faɗaɗa shi, wani lokaci su ƙuntata. Habasha ta kafa kasuwar musayar amfanin gona a 2008 ta sa galibin gahawar 'yan kasuwa ta bi ta cikinta, abin da ya sa aka riƙa rasa sanin takamaiman inda buhu ya fito, sannan a 2017 ta sassauta, aka ba masu fitarwa damar yin ciniki kai tsaye da tashoshi, manomi mai hekta biyu zuwa sama kuma ya iya neman lasisin fitar da nasa. Ruwanda ta taɓa raba manoma shiyya-shiyya a 2016, kowa da tashar da aka ɗaura masa, kafin ta janye tsarin a 2023. Masu goyon bayan irin wannan ɗauri suna cewa mai tasha ba zai ba da rance ko taki ba idan ya san wani zai zo ya kwashe amfanin ranar kaka, kuma akwai gaskiya a ciki. A farkon 2025, da farashin gahawar arabika, wato jinsin da ake nomawa a Habasha da Jazan, ya haura dala 4 kan kowace laba a kasuwar New York, wanda ba a taɓa gani ba, 'yan kasuwa da yawa sun yi ta kukan cewa manoma suna karya alkawari suna bin mai ƙari. Ni kukan nan bai cika taɓa ni ba, domin ban ji waɗannan masu kukan sun biya tsohon farashi mai tsada a shekarun da kasuwa ta faɗi ba.

Kawu ya saurari duk wannan yana tsince tsakuwa daga cikin faranti, bai ɗago kai ba, sannan ya ce, "Ɗana, nawa ka sayo?" Na ce, "Kilo ashirin, Kawu, a hannun wani mai injin casa, kuma ban san gonar da suka fito ba." Ya ce in rubuta a jikin kwalin "Jazan" kawai, kada in ƙara sunan kowane dutse.

Kaka ta gaba na koma tun kafin 'ya'yan su yi ja, ban kuma je wurin dattijon da maganar ciniki ba, gaisuwa kawai na kai masa da kwalin dabinon Madina. Shi ne da kansa ya nuna mini wani ƙaninsa a hanyar Faifa, mai ƙananan bishiyoyi da suka fara haihuwa, wanda bai riga ya ɗaure da kowa ba. Muka yi magana a kan amfanin gaba ɗaya, manya da ƙanana, busasshe da ɓawonsa. Muka amince a auna a gidansa da sikelinsa, a gwada laima da na'urar ɗan maƙwabcinsa ba tawa ba, in ba da rabin kuɗin a fara tsinka, rabi kuma ranar ɗauka. Farashin da muka tsaya a kai bai kai wanda na taya dattijon bara ba. Ya nemi in bar masa buhu biyu na ɓawon bayan casa saboda mahaifiyarsa ba ta shan kome da safe sai ƙishir, na bar masa, ragowar kuma na kawo shago, inda wasu 'yan Yaman maƙwabtanmu suka saye shi cikin mako guda. Ƙananan ƙwayoyin da fasassun muna soya su daban mu niƙa da hel don masu sayen na gida, manyan kuma suna cikin kwalba a kan kanta, da sunan ƙauyen a rubuce da hannun Kawu.